Yadda Ake Fara Lambu a Birni: Darasin Aiki da na Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa dafa wa kansa abinci a makaranta ya san cewa tuwo ba ya cin kuɗi kamar yadda miya take ci. Mu da muke karatu a Ibadan mun fi kowa sanin haka, domin yawancin tumatir da tattasai da albasar da muke saye daga Arewa ake loda su a manyan motoci. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, 'yan kasuwar Arewa sun dakatar da kawo kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki, nan take kayan miya suka yi tashin gwauron zabo. Haka kuma, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, kwandon tumatir ya bi shi. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kowace rana.

Wannan ne ya sa na nemi ɗan fili a wani lambun haɗin gwiwa da ke bakin wani ƙaramin rafi a bayan unguwarmu, inda Hausawa da Yarbawa suka rarraba wuri kowa yana shuka nasa. A cikin wannan maƙala zan bayyana matakan da mai farawa zai bi, kamar yadda na koya ta hanyar kuskure da gyara. Sannan, da yake mu ɗaliban harshe ne, zan tsaya a kan kalmomin da na tsinto a wurin, waɗanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin su a bakin mai su ba.

2.0 Ma'anar Lambu

Bahaushe ya bambanta gona da lambu. Gona ita ce wadda ake shukawa da damina, a dogara ga ruwan sama, a girbe da kaka. Lambu kuwa wuri ne da ake ba shuka ruwa da hannu ko da inji, yawanci a fadama ko bakin rafi ko kusa da rijiya, kuma abin da aka fi sa masa shi ne kayan miya da ganyaye. A da da jigo ake ɗebo ruwan, wato doguwar sanda da aka ɗora a kan gwafa, guga a gaba, nauyi a baya. Yau injin ban-ruwa ya kusa shafe jigo, har ma yaran birni ba su san kalmar ba sai a wajen "jigon waƙa" ko "jigon jam'iyya".

Lambun birni ba sabon abu ba ne a Nijeriya. A Kano an daɗe ana noman latas da alayyafo da karas a gefen kogin Jakara. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka fi sani da OFN, wanda ya ƙarfafa wa makarantu da ma'aikata gwiwa su yi shuka a bayan gidajensu. A nan Ibadan ma, a unguwar Idi-Ishin, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wato NIHORT, wadda aka kafa a 1975, kuma tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano.

3.0 Matakan Farawa

3.1 Fili da Izini

Abu na farko ba iri ba ne, izini ne. Mafi yawan lambunan birni a kan filin wasu suke: na gwamnati, ko na makaranta, ko na wani dangi, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma a aikace kowane fili yana da wanda ake tambaya. Saboda haka, ya kai mai farawa, ka san wane ne ya ba ka wurin, na tsawon wane lokaci, kuma nawa za ka biya. A yi maganar a gaban shaidu. Na ga wanda ya dasa attarugu ya fara fure, sai aka wayi gari an sauke bulo a kai.

Bayan izini sai a dubi abubuwa uku. Na ɗaya, rana: kayan miya masu 'ya'ya suna bukatar rana ta kimanin awa shida a yini, don haka a guji inuwar gini da ta manyan itatuwa. Na biyu, tarihin ƙasar: idan wurin tsohon garejin makanikai ne, ko an taɓa zubar da batura da baƙin mai, to gubar dalma na iya kasancewa a ciki, kuma wanki ba ya fitar da ita daga ƙasa. A irin wannan wuri sai a kawo ƙasa mai kyau daga wani waje a yi shuka a cikin buhuna. Na uku, ambaliya: mutanen Ibadan ba su manta da ɓarnar kogin Ogunpa ta 1980 da ambaliyar 2011 ba. Ka tambayi waɗanda suka riga ka inda ruwa yake kaiwa idan rafi ya cika.

3.2 Gyaran Ƙasa: Komi Ko Tudu

A nan ne na yi babban kuskurena, kuma a nan darasin ya fi yawa. Ina yaro na sha ganin lambun kakana a ƙasar Kano, inda ake yin komi, wato ɗan fili mai kusurwa huɗu da aka kewaye da ƙasa, tsakiyarsa ta yi ƙasa-ƙasa don ta riƙe ruwa. Da aka nuna mini wurina a watan Mayu, sai na tsara komaye guda huɗu irin na gida, ina jin ni ma ɗan gado ne. Wani dattijo Bakano da ke maƙwabtaka da ni ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ɗana, rani kake jira ko damina?" Na ce, "Baba, ai haka ake yi a wajenmu." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Bayan kwana biyar aka sheƙa ruwa da dare. Da safe na tarar komayena sun zama tafki, irin da na yafa ya taru a kusurwa ɗaya ya ruɓe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Dalilin kuwa shi ne, komi dabara ce ta wurin da ruwa yake ƙaranci. A Kudu maso Yamma damina tana kamawa tun wajen Maris ko Afrilu har zuwa Oktoba, tare da ɗan tsagaitawa a wajajen Agusta. A irin wannan yanayi abin da ake bukata shi ne ruwa ya tsiyaye. Don haka da damina ana tayar da ƙasa ne ta yi tudu kamar gado, tsayin taƙi guda, wato kimanin santimita 20, a bar kwalbati a tsakani. Idan rani ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan komi yake da amfani.

Faɗin gadon kada ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba. Tsawonsa kuwa mita uku zuwa biyar ya isa. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya fara da gado biyu kacal. Wanda ya kama fili mai yawa alhali yana da lacca da jarrabawa, ciyawa zai noma wa awaki.

Kafin a tayar da gadon sai a yi kaftu, wato a saro ƙasa da fartanya ko garma a juya ta, a tsince duwatsu da leda da kwalabe, a farfasa hoge, a daidaita da manjagara. Domin sanin irin ƙasar, ka ɗebi mai danshi ka dunƙule a hannu. Idan ta warwatse nan take, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. Idan ta dunƙule tana santsi kamar ta maginin tukunya, laka ce, za ta shaƙe saiwa. Wadda ta dunƙule amma ta farfashe da an taɓa ta, ita ake nema. Maganin biyun farko ɗaya ne, wato taki.

3.3 Taki

Takin gargajiya, irin su kashin kaji da na awaki da na shanu, yana ciyar da shuka yana kuma gyara ƙasa. Sharaɗinsa shi ne ya ruɓe tukuna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ƙananan tsirrai, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har zafinsa ya mutu, ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Sai a cuɗa shi da ƙasar gadon mako biyu kafin shuka. Ɓawon doya da na ayaba da ragowar ganye daga ɗakunan kwananmu duk taki ne idan an tara su sun ruɓe.

Takin zamani kuwa, wanda aka fi samu shi ne NPK 15-15-15 da kuma yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, shi ya sa take sa ganye ya yi kore shar. Amma kaɗan ake sawa, nesa da gindin shuka, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa. Mai gado biyu da ya sami ruɓaɓɓen taki zai iya yin kakar farko ba tare da ya sayi na zamani ba.

3.4 Abin da Za a Fara Shukawa

Kowane mai farawa tumatir yake so, ni ma haka. Baba ya hana ni. Ya ce tumatir kamar amarya yake, ba a kawo shi sai an gama gyara ɗaki. Gaskiyarsa kuwa, domin a daminar Kudu danshi yana jawo masa cututtukan ganye da wata cuta da ke sa shi ya yi yaushi farat ɗaya ya mutu alhali ƙasa na da ruwa. Ga jerin da ya fi dacewa a bi:

Alayyafo. Shi ne malamin mai koyo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ana cuɗa shi da busasshen yashi kafin a yafa, don kada ya taru wuri ɗaya. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, kuma cikin mako uku zuwa huɗu ana iya tuge shi. Idan aka bar masa tazara aka riƙa yankan kansa, zai yi ta toho ana sake yanka.

Lalo. Shi ne Yarbawa suke kira ewedu, kuma kasuwarsa ba ta mutuwa a Ibadan. Irinsa yana da taurin ɓawo. Wata mama Bayarabiya ce ta koya mini a ƙulle shi a ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙirga goma, a shanya ya sha iska sannan a yafa. Wanda bai yi haka ba zai ga tsiro jefi-jefi. Ana fara cirarsa bayan mako huɗu zuwa shida.

Kuɓewa. Ba a dasa ta, shuka ta ake yi kai tsaye, ƙwaya biyu ko uku a rami, bayan an jiƙa irin ya kwana. A bar kimanin santimita 60 tsakanin layi da layi, 30 tsakanin rami da rami. Tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, kuma dole a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa ta yi tauri.

Tumatir da tattasai da attarugu. Waɗannan sai a kaka ta biyu, kuma sun fi kyau da rani. Ana renon irinsu a gefe a ƙarƙashin rumfar ciyawa, tumatir mako uku zuwa huɗu, tattasai da attarugu mako biyar zuwa shida, sannan a dasa da yamma don kada rana ta buge su. Su da gauta da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka kada a maimaita su a gado guda a jere.

Wata dabara kuma ita ce kada a yafa iri duka rana ɗaya. A raba gado gida uku, a riƙa yafa kashi ɗaya duk mako. Ta haka miya ba za ta yanke ba, ganye kuma ba zai zo gaba ɗaya ya lalace ba.

3.5 Ban-ruwa

Da rani ana ba da ruwa safe da yamma, musamman ga iri da sabon dashe. Hanya mafi sauƙi ta sanin bukata ita ce a cusa yatsa a ƙasa. Idan akwai danshi a ƙasan gaɓa ta biyu, a dakata. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan gado yana rage ƙafewar ruwa, yana kuma danne ciyayi.

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci a birni ita ce, wane irin ruwa? Rafukan birni su ne magudanan gidaje da mahauta da masana'antu. A Kano, alal misali, rafin Getsi yana kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya haɗe da Jakara. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin amfani da gurɓataccen ruwa a noma, saboda ta san miliyoyin manoma ba su da wani. Abin da mai farawa zai riƙe shi ne: ya fifita ruwan rijiya ko na sama da aka tara, ya zuba ruwa a gindin shuka maimakon kan ganye, ya daina ba da ruwan rafi 'yan kwanaki kafin cira, sannan idan ruwansa abin shakka ne, ya bar latas da kabeji da ake ci ɗanye, ya tsaya ga ganyen da ake dafawa. Dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da gubar masana'antu, don haka rafin da ke bin bayan masana'anta a rabu da shi baki ɗaya.

3.6 Ƙwari

Manyan abokan gabana su ne fara da tsutsa da dodon-koɗi, wanda yake fitowa da dare ya aske sabon tsiro. A ƙaramin lambu, ido da hannu sun fi kowane magani: a duba bayan ganye kullum da safe a tsince. Ana kuma daka ganye ko 'ya'yan dalbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Wanda zai sayi maganin feshi ya nemi mai lambar NAFDAC, ya karanta kwanakin da za a jira kafin a ci. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro ba na ganye ba ne. Masu tumatir kuma su san tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Alamarta ita ce fararen tabo masu kama da taga a jikin ganye.

3.7 Zama da Maƙwabta

Lambun haɗin gwiwa zaman tare ne. Akwai layin ɗibar ruwa, akwai karo-karon gyaran shinge saboda awaki, akwai aikin gayya na yashe kwalbati kafin damina. Ba a taka gadon wani, ba a karkatar masa da ruwa, ba a feshi idan iska na kaɗawa wajensa, ba a barin ciyawa ta yi 'ya'ya ta watsu. Duk abin da na koya a wurin, gaisuwa ce ta saya mini shi: "Sannu da aiki, Baba," a wannan gefe, "E ku ishe, Mama," a wancan.

4.0 Abin da Ɗalibin Harshe Zai Tsinta

Na farko, keɓantar ma'ana. Mu 'yan birni mun ɗauka "noma" na nufin aikin gona gaba ɗaya. A bakin manomi kuwa, idan ya ce "zan je noma", cire ciyawa yake nufi, shi ya sa ake da noman firi da maimai. Haka kuma sa iri a ƙasa yana da aikatau uku: ana shuka kuɓewa a rami, ana yafa alayyafo, ana dasa tumatir. Ɗaukar amfani ma kowane da kalmarsa: girbin gero, roron wake, cirar gyaɗa, haƙar dankali, ɗiban tumatir, figar zogale. Ranar da na ce zan girbe alayyafo, Baba ya tambaye ni ko da lauje zan zo.

Na biyu, ganɗantawa. Daga "dasa" muke samun "dashe", daga "kafta" muke samun "kafce", daga "huɗa" kuwa "huɗe" ba tare da sauyi ba. Wato s ta koma sh, t ta koma c a gaban wasalin e, amma ɗ ba ta sauya ba. Ga ƙa'idar da muke haddacewa a aji tana aiki a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba.

Na uku, aron kalmomi. Karas da kabeji da latas daga Ingilishi suka shigo aka hausantar da su, abin da ke nuna cewa baƙi ne a tukunyarmu idan aka kwatanta da yakuwa da rama da karkashi. Albasa kuwa daga Larabci ta zo, sannan ta bi fatake har ta zama alubosa a Yarbanci. Dubi kuma tattasai da tatashe, ko attarugu da ata rodo. Kayan miya da sunayensu tare suke tafiya tsakanin Arewa da Kudu.

Na huɗu, adon magana. Muna cewa wane ya shuka tsiya, an dasa gaba, yara yabanya ne, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sai da na ga albasa ta sha ruwa mai daɗi wata uku ta fito da yaji sannan na fahimci karin maganar nan ta ƙarshe sosai.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, mai son fara lambu a birni ya tabbatar da izini da ruwa kafin ya sayi iri, ya dubi yanayin garin da yake kafin ya zaɓi komi ko tudu, ya fara da gado biyu da ganye mai saurin zuwa, sannan ya riƙe maƙwabtansa da kyau. Gadona biyu ba su mayar da ni attajiri ba, amma na daina sayen alayyafo da lalo, kuma littafin da nake rubuta kalmomin Baba a ciki ya kusa cika.

Aiki ga mai karatu: ka ziyarci lambu mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi ashirin na kayan aiki da aikatau daga bakin masu wurin, ka rubuta ma'anar kowace da garin wanda ya faɗa maka ita, sannan ka kwatanta da yadda ake faɗa a karin harshenku. Idan an ba ka fartanya, kada ka ce rubutu ka zo yi.